Yaron da ya gagara: jigo da taurari a cikin labaran tasowa

Tun lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram cikin 1973, tambaya guda take ta komowa a bakin masu tsara aikin yaƙi da jahilci: wanda ya iya karatu, mi zai karanta? Ƙananan yara suna da tatsuniyoyi, manya suna da ƴan littattafan noma da kiwo da kiwon lafiya. Tsakanin biyun nan akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba, watau mai shekara 13 zuwa 18, wanda ya wuce Gizo da Ƙoƙi amma bai kai ga neman littafin takin zamani ba. Da yake kundin mulkin ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar ta ƙara nauyi. Abin da wannan ɗan nazari ya ƙudurta shi ne duba wani irin ƙagaggen labari da aka daɗe ana ba matasa a wasu ƙasashe, a ga abin da ya haɗa littattafansa, sa'an nan a auna shi da abin da muke da shi a rubutun hausa.

Jamusawa ne suka fara ba irin wannan labari suna, suna misali da Wilhelm Meister na Goethe (1795-1796). Mu a nan za mu kira shi labarin tasowa. Reshe ɗaya kawai za mu kama, wanda tauraronsa matashi ne da al'amura suka dagule wa. Littattafai 4 muka ɗauka: The Catcher in the Rye na J. D. Salinger (Amurka, 1951), wanda masu faransanci suka sani da sunan L'Attrape-cœurs. Mission terminée na Mongo Beti (Kamaru, 1957). The Outsiders na S. E. Hinton (Amurka, 1967). Da Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga (Zimbabuwe, 1988).

Kafin mu shiga cikinsu, akwai maganar kalma. Idan Bahaushe zai ambaci irin wannan yaro, sai ya ce gagararre, ko kangararre, ko taƙadari, ko fitinanne. Duk kalmomin nan hukunci ne, kuma daga bakin babba suke fitowa. Aikatau "gagara" ma yana neman karɓau: yaro ya gagari uwa, ya gagari uba, ya gagari malam. Wanda aka gagara shi ne mai magana, yaron kuwa ana magana ne a kansa. Littattafan nan 4 sun juya wannan tsari, gama a kowanensu matashin ne yake riƙe da "ni". Za mu koma kan wannan batu, don a ganinmu shi ne gishirin al'amarin.

Ƙofar da ake shiga labaran ita ce makaranta. Holden Caulfield, tauraron Salinger, yana da shekara 16 aka kore shi daga makarantar kwana ta ƴaƴan masu hali, bayan ya faɗi a darussa 4 cikin 5. Kuma ba korarsa ta farko ba ke nan. Maimakon ya jira ranar Laraba da aka tsai da masa ta komawa gida, sai ya sulale daren Asabar, ya shiga birnin Niyok yana gararamba tsakanin otel, mashaya da tashar jirgi har ranar Litinin. Jean-Marie Medza na Mongo Beti shi ma faɗuwa ya yi a jarrabawar bak, ya komo ƙauye gabansa na faɗuwa don tsoron ubansa, sai dangi suka tare shi da aike: ya tafi Kala, can cikin daji, ya komo da matar ɗan'uwansa Niam da ta yi yaji. Tambu ta Dangarembga akasin haka ce. Ita shiga makaranta take nema, har ta noma masara da hannunta don ta biya kuɗin karatu, alhali wanta Nhamo ake kashe wa kuɗi. Ko an kori yaro ko an hana shi shiga, abu ɗaya marubutan suke nunawa: makarantar zamani ta zama wurin da ake yanke wa mutum hukuncin ko ya isa ko bai isa ba, aikin da a da kaciya, gayya, dambe da aure suke yi. Mongo Beti ya fi kowa wasa da wannan. Mutanen Kala ba su damu da faɗuwar Medza ba, suka ɗauke shi shaihin malami, suna tara masa jama'a kowane dare ana yi masa tambayoyi, ana ba shi tumaki da kaji, kawunsa yana cire nasa kason. Wanda birni ya ce bai san kome ba, ƙauye ya ce ya san kome, shi kuwa a ransa ya san duka biyun ba gaskiya ba ne.

Bayan makaranta sai mutuwa. Ƙanen Holden, Allie, ya mutu da sankarar jini yana da shekara 11, a daren nan Holden ya farfasa gilasan tagogin gareji da hannunsa. Ponyboy Curtis na Hinton, ɗan shekara 14, uwa da uba duka ya rasa a hatsarin mota. Tambu kuwa mutuwar Nhamo ce ta buɗe mata ƙofar makarantar mishan, ta kuma ƙi yin baƙin cikin da ake jira daga gare ta. Abin lura shi ne, mutuwar ta riga labarin aukuwa, ko kuma tana bakin ƙofarsa. Marubucin ba ya sa mu zaman makoki. Yana nuna mana yaron da aka tashi makoki aka bar shi a zaune. A nan Salinger ya yi gwaninta. Holden yana zagin kowa da kome shafi bayan shafi, har mai karatu ya soma gajiya da shi, sai ƙanwarsa Phoebe, mai shekara 10, ta ƙure shi da tambaya, ta ce ya faɗi abu ɗaya da yake so a duniya. Ya yi ta lalube, sunan mamacin ya fito. Daga nan ne mai karatu zai gane duk zage-zagen baya kuka ne da bai sami hanya ba. Mongo Beti kaɗai bai nemi gawa ba. Tsoron uba ya ishe shi.

Game da iyaye, littattafan sun rabu gida biyu, kuma rabuwar ta bi ƙasa. A na Amurka uba ba ya nan. Uban Holden lauya ne mai kuɗi, amma ko sau ɗaya ba ya bayyana a gabanmu. Uwarsa muryarta kawai muke ji, sa'ad da Holden ya saci jiki ya shiga gidansu da dare ya ɓuya cikin ma'ajin tufafi. Ponyboy yana hannun wansa Darry, ɗan shekara 20, wanda ya bar zancen jami'a ya kama aikin rufin gidaje don ya riƙe ƙannensa. Marin da ya yi wa Ponyboy wani dare shi ya kora yaron waje, daga nan kuwa aka yi kisa. A na Afirka uba ya cika gida har ba wurin numfashi. Uban Medza ya tura ɗansa lakwal tamkar mai zuba jari, yana jiran riba, bulala na hannunsa. Babamukuru, baffan Tambu, shugaban makarantar mishan ne, shi ke ciyar da dangi duka, saboda haka ba mai ce masa a'a. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya sa littafin Dangarembga ya fi sauran wuyar sha'ani: ta yaya yarinya za ta yi wa mai alheri tawaye ba ta zama butulu ba? Ranar da Tambu ta ƙi zuwa ɗaurin auren coci da ya shirya wa iyayenta bayan sun tsufa da ƴaƴa, bulala 15 ta sha, ta kuwa ɗauki bulalar a matsayin kuɗin da ta biya ta mallaki kanta.

Malamai za mu wuce su da sauri, don aikinsu kusan ɗaya ne: su yi nasiha mai kyau a lokacin da ba ta da amfani. Tsohon malamin tarihi na Holden ya karanta masa takardar jarrabawarsa da ƙarfi don ya kunyata shi. Ɗayan, Antolini, ya ba shi masauki da shawara, amma Holden ya farka cikin dare ya same shi yana shafa masa kai, ya fita a guje. Malamin Ponyboy ne kawai ya yi abin kirki, shi ma ba da wa'azi ba: aikin rubutu ya ba shi.

Tauraron da ya fi cancantar nazari, a ganinmu, shi ne na biyu, wanda za mu kira abokin tagwaici. A kowane littafi akwai wani matashi kusa da mai ba da labari, ciwonsu ɗaya, amma shi ya bi hanyar har ƙarshenta. Ga Ponyboy akwai Johnny, wanda ubansa ke duka uwarsa ba ta kula da shi ba. Shi ya soki ɗan masu kuɗi da wuƙa don ya ceci Ponyboy da ake dannawa cikin ruwa, shi ne kuma ya mutu da ƙunar gobara bayan sun fid da yara daga tsohuwar cocin da suka ɓuya a ciki. Akwai kuma Dally, wanda da Johnny ya mutu ya auna ƴan sanda da bindiga marar harsashi don su harbe shi. Ga Holden akwai James Castle, ɗan makarantarsu ta da, wanda ya faɗo ta taga ya mutu a kan ya janye maganar da ya faɗa wa wani mai cin zali. A ranar kuwa rigar sanyin Holden ce a jikinsa, wadda ya ara. Salinger bai yi sharhi a kan rigar ba, ya bar ta ta yi magana. Ga Tambu akwai Nyasha, ɗiyar Babamukuru, wadda ta yi shekaru a Ingila tana ƙarama har harshen shona ya kuɓuce mata. Nyasha ce take faɗin abin da Tambu take haɗiyewa. Ubanta ya mare ta, ta rama. Daga baya ta koma yaƙi da cikinta, ta ci abinci a gabansa don biyayya, ta kewaya ta amayar, har ta rame ta zauce, ta yayyage littafin tarihi da haƙora. Likitan ƙwaƙwalwa na farko da aka kai ta wurinsa, Bature, cewa ya yi baƙar fata ba ya irin wannan ciwo.

Mi ya sa marubuta 3 da ba ƙasarsu ɗaya ba, ba zamaninsu ɗaya ba, suka faɗa kan dabara guda? Dalilin a cikin zubin labarin yake. Mai cewa "ni" tilas ya rayu, in ba haka ba wa zai ba da labarin? Amma idan ba wanda ya hallaka, mai karatu zai ce ashe abin wasan yara ne. Saboda haka sai a raba yaro ɗaya gida biyu, rabi ya biya bashin, rabi ya tsira ya ba da shaida. Dabarar tana da aibinta. Hinton ta soma rubuta littafinta tana da shekara 15, ya fito tana da 18, kuma ƙuruciyar ta nuna: ta wanke Johnny da gobara don kada mu riƙe shi da laifin kisa, ta sa ƴan unguwar talakawa suna da taushin zuciya fiye da kima. Duk da haka ita ce ta ga abin da Salinger bai gani ba, watau cewa damuwar yaro tana da aji. Holden yana yawon baƙin cikinsa cikin tasi da kuɗin da kakarsa ta aiko masa, in ya faɗi akwai asibiti a Kalifoniya mai jiransa. Ponyboy in ya yi kuskure gidan marayu za a kai shi, a raba shi da ƴan'uwansa. Zambo, abokin yawon Medza, shi ne abokin tagwaicin da bai mutu ba, sai dai ya bar gida tare da Medza, suka shiga yawon da ba shi da ranar komowa.

A kan mata kuwa Mongo Beti yana da abin zargi. Edima, yarinyar da aka aura wa Medza a Kala, kaya ce da aka ɗora masa, ya sauke a gidan ubansa ya yi gaba, ta ƙare a hannun wansa, labarin bai tsaya ya tambayi ranta ba. Shekara 31 ke tsakanin littafinsa da na Dangarembga, kuma ana iya karanta na biyun kamar amsar wannan shirun.

Yanzu sai mu waiwayi gida. Rubutun hausa bai rasa gagararren yaro ba. Tun cikin littattafan da suka biyo bayan gasar 1933 a Zariya akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda Kyauta, ɗan attajiri, ya tashi ɓarawo har ya kashe ubansa bai sani ba. Kayan aikin duka suna nan: uba mai hali, ɗa mai jawo abin kunya, barin gida, mugun aboki. Amma asalin lalacewar Kyauta sammu ne da tsohon masoyin uwarsa ya yi masa don ramuwa. Ciwon daga waje aka jefo shi, yaron fili ne da manya biyu suke faɗa a kai, saboda haka ba a bukatar a shiga zuciyarsa. A ƙarshen shekarun 1970 Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya kawo saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun miyagun birni. Sammu ya kau, birni ya maye gurbinsa, amma har yanzu daga waje cutar take zuwa, muryar kuma ta mai gargaɗi ce. Wanda ya fi kusa da littattafan da muka duba shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. A nan laifin yana cikin gida, marubuciyar kuma tana bayan yarinyar ƙiri-ƙiri. Abu da Tambu ƴan ɗaki ɗaya ne, ko da yake Balaraba ta fi son ta saka wa tauraruwarta da nasara bayyananna, Dangarembga kuwa ta bar tata cikin shakka ko makarantar da ta samu ba wani tarkon ba ne.

Kada a ce ƙagaggen labarin hausa bai san "ni" ba. Ruwan Bagaja, Ganɗoki da Shaihu Umar duk da bakin tauraro aka ba da su. Sai dai a duba wanda yake maganar: alhajin da ya komo da dukiya, tsohon mayaƙi da yara suka kewaye, shaihin malami a gaban almajiransa. Shaihu Umar ya sha wahala yana yaro fiye da Holden nesa ba kusa ba, an sace shi, an bautar da shi, an raba shi da uwarsa, amma da furfura yake ba da labarin, bayan haƙuri ya riga ya dafa dutsen. Ko a littattafanmu 4 akwai wannan tazara: Medza da Tambu sun girma kafin su waiwaya, shi ya sa suke iya yi wa ƙuruciyarsu dariya ko gyara. Holden da Ponyboy kuwa watanni kaɗan ne tsakaninsu da abin da ya auku, miki bai warke ba suke magana. Wannan murya ta biyu ita ce ba mu saba ji a rubuce ba, kuma dalilin a fili yake. Al'adar da ɗa ba ya kiran sunan ubansa, uwa take kawaici ga ɗan farinta, ba za ta sauƙaƙa wa yaro ya zauna ya tona gidansu a takarda ba. Kunya ba ƙaramin abu ba ce da za a ce a yar don a kwaikwayi Amurka. Amma marubucin da ya iya sa mu ji abin da yaro yake haɗiyewa a lokacin da yake durƙushe yana cewa "to, Baba", ya sami abin da Salinger ba shi da shi, don Holden ba wanda yake jin nauyinsa.

Ga masu tunanin fassara akwai wahaloli na zahiri. Ƙarfin littafin Salinger a bakin yaron yake, bakin ƴan makarantar Amurka na ƙarshen shekarun 1940, kuma irin wannan harshe da wuri yake tsufa. Faransawa sun fassara shi a 1953 ta hannun Jean-Baptiste Rossi, suka sake a 1986 ta hannun Annie Saumont. In za a juya shi da hausa, bakin waɗanne samari za a ara? Na ƴan fada a Yamai, masu cakuɗa hausa da zabarmanci da faransanci, ko na Maraɗi, mai jin iskar Katsina da Kano? Wanda aka zaɓa, ɗayan zai ji baƙo ne. Rantse-rantsen Holden a turanci marasa nauyi ne, ashar ɗin hausa kuwa kan uwa yake sauka, in aka musanya wannan da wancan yaron zai tashi daga mai damuwa ya koma ɗan tasha. Akwai kuma kalma guda da yake jifan manya da ita a ko'ina, mai nufin wanda zahirinsa ya saɓa wa baɗininsa. "Munafuki" ta yi nauyi, tana ɗauke da hukuncin addini wanda yaron bai nufa ba. "Ɗan ƙarya" ta fi kusa, amma ta fi karkata ga mai fankama da tufafi da mota. Sunan littafin ma matsala ne, gama ya fito daga mafarkin Holden na ya tsaya cikin gonar wani hatsi na ƙasashen sanyi yana tare yara kada su faɗa rami. Mai fassara zai iya mai da gonar ta gero, amma daga ranar ya bar Niyok.

Mission terminée ba shi da yawancin waɗannan matsaloli. Yaji, biko, kawu mai wayo, sarkin ƙauye mai tara mata, ɗan lakwal da ake tambaya abin da bai sani ba ya amsa don kada ya ji kunya, duk suna da sunayensu a hausa tun kafin a soma aiki, barkwancinsa kuma irin wanda ake yi a dandali ne. Inda mai fassara zai tsaya ya yi tunani shi ne babin ƙarshe, wurin da uba ya tasam ma Medza da duka a gaban jama'a, yaron ya ƙi tsayawa, ya yi ta zulliya har tsohon ya faɗi, mutane suna kallo. A faransanci abin dariya ne mai ɗaci. A hausa, in an karanta shi da ƙarfi a ajin manya a Tawa ko Madawa, inda uba da ɗa kan zauna a tabarma ɗaya, wajibi ne a gwada shi tukuna a gaban masu sauraro kafin a kai shi maɗaba'a.